Duro Biyu a Tashar Jibiya

Har yau in murfin tukunya ya faɗi a tsakar gida sai na dafa bango. Gwaggo ta ce abin zai wuce. Bai wuce ba tukuna, ni kuma ban matsu ya wuce ba, don duk lokacin da gabana ya faɗi fuskar mutumin da ya jawo mana nake gani, ba na kuwa son in manta ta.

Lokacin hutu ne, bayan an gama cirar gyaɗa. Ina makarantar sakandare ta 'yan mata, inda 'yan ƙasar Katsina ba mu da yawa. Babana tela ne, keken ɗinkinsa na ƙafa yana wata rumfa a bakin kasuwar Jibiya, shi ne kuma ya dage sai na yi karatu duk da surutun dangi. Da na zo gida, Gwaggo, wato yayarsa, ta ɗauke ni muka tafi suna wani ƙauye can ƙetare, ƙasar Faransa, a kan hanyar Maraɗi. Baba ya ce ranar dawowarmu zai tarye mu a bakin shinge ya taya mu ɗaukar kaya.

A kakar gyaɗa ba a rasa mota. Manyan motoci ne ke tasowa daga Maraɗi shaƙe da buhuna za su Kano, fasinja kuma a hau can ƙololuwa a riƙe igiyar ɗauri. Wadda muka samu direbanta saurayi ne, baƙar hular Faransawa a karkace, sigari a gefen baki. Gwaggo na ganinsa ta ja tsaki, amma rana ta yi nisa, babu wata motar.

Kowa a hanyar nan ya san halin direban nan. Kafin a iso shingen kwastan akwai ɗan gangare. Sauran direbobi a nan suke rage gudu. Shi kuwa kashe injin yake yi ya saki motar ta gangara da kanta, wai yana tsimin mai. Ba mai ba ne. Kururuwar mata yake so. Sai motar ta zo dab da sandar shingen sannan ya danne birki, ya leƙo ta taga yana dariya yana cewa, "Wa ya yi hitsari? A hwaɗa mini gaskiya!"

Ranar an yi masa lodi fiye da kullum, buhuna har sun haura katakon gefe. A bakin shinge kuma akwai wata mota tsaye, ta wani tsohon direba, babu komai a cikinta, tana jiran a ɗaga sanda. Ta daɗe a wurin. In mota ta daɗe tsaye mutane kan shimfiɗa tabarma a inuwarta, da yake kuma la'asar ce inuwar ta faɗa gabanta. A nan Baba ya zauna, ya miƙe ƙafafu, yana jiranmu.

Na ji lokacin da injin ya mutu. Shiru ya zo, sai iska da kukan katako. Na ji lokacin da ya taka birki, na kuma ji birkin yana ihu motar ba ta kula ba. Daga nan ƙarfe ya bugi ƙarfe. Igiyar ta kuɓuce mini, na tafi gaba a kan buhuna kamar an jefa ni, na faɗa rufin kan mota rub da ciki. Daga nan ne na ga komai. Tamu motar ta ɗan ja gaba ta tsaya. Ta tsohon kuwa ta zabura kamar jakin da aka tsikara, babu kowa a cikinta, ta bi ta kan tabarmar, ta karya sandar shinge, ta je ta tsaya can gaba. Masu zaman inuwa duk sun watse, ban da mutum ɗaya. Hularsa na fara ganewa.

Ba zan rubuta abin da na gani da na sauko ba. An kai Baba asibitin Katsina, aka yanke ƙafar dama daga ƙasan gwiwa. Da ita yake taka keke.

Kafin jinin da ke kan yashi ya bushe, magana ta gama gari, kuma a karkace ta gama. Kowa ya ga motar tsoho tana gudu. Kowa ya ga motar gyaɗa a tsaye. A wurinmu in shanu sun yi ɓarna, mai saniyar da ta soki mutum ake nema, ba a tambayar wadda ta tunkuɗe ta daga baya. Haka mutane suka ɗauki mota. Shi kuwa direbanmu mai baƙar hular ya samu abin kamawa. Yana yawo a tasha yana cewa ai shi ɗan taɓa ta ya yi, tsohon ne bai sa waigi ba, wato guntun katakon nan da ake tokare taya da shi. Wai da an sa waigi da ba abin da zai faru. Wai ma motar ta fara tafiya da kanta tun kafin ya iso.

'Yan doka suka hana motocin biyu tashi, suka ce wa sarkin tasha ya zauna da dattawansa su tantance wanda za a miƙa. Kowa ya san tsohon za a miƙa. Ni kuma aka gaya mini maganar ɗiya a kan abin da ya shafi ubanta ba shaida ba ce, ta 'yar'uwarsa ma haka, don haka mu zauna gida.

Mai hular har gida ya zo jaje. Ina bayan zana ina jin sa a zaure yana ce wa kawunnaina, "Wallahi ban yi barci ba tun ranar. Tsohon nan, tsohon nan! Mutum ya tsuhwa ya ƙi barin sitiyari." Ya ajiye goro. Da zai fita na leƙa, na ga ya tsaya a ƙofar gida yana gyara zaman hularsa a madubin aljihu. Goron a masai na zuba shi.

Kada wani ya ɗauka tausayin tsohon direba ne ya tashe ni. Na tausaya masa, amma kaɗan. Wancan mai hular nake nema. Ina so in ga an sa masa igiya a ƙugu an bi da shi ta tsakiyar kasuwa, ina so matan da ya sa kururuwa su fito su kalla.

Ina wankin rigar da Baba ya sa ranar, da hantsi, ruwan yana ta komawa ja, sai karatun zangon da ya wuce ya faɗo mini. Malamarmu ta kimiyya, wata baturiya doguwa, ta koya mana dokokin motsi guda uku. Tana da 'yan kekunan katako masu taya, tana ɗora musu bulo tana karo da su a kan tebur, mu kuma muna dariya ƙasa-ƙasa muna cewa babbar mace da wasan yara. Haddacewa na yi don jarrabawa, ban taɓa zaton na rayuwa ba ne. Doka ta farko: abin da ke tsaye tsaye zai zauna, abin da ke tafiya kuma tafiya zai ci gaba da yi, sai in wani ƙarfi ya taɓa shi. Shi ya sa da mota ta tsaya ni ban tsaya ba. Shi ya sa kuma motar da ke kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ba ta tashi da kanta, da waigi ko babu. Ta biyu: ƙarfi ɗaya in ya sami abu mara nauyi ya fi zaburar da shi a kan mai nauyi. Ta uku: in abu ya tura wani, wancan ma ya tura shi daidai wa daida, sai dai ta baya. Akwai kuma abin da ta fi nanatawa, wanda mu a tsakaninmu muke kira ƙarfin tafiya, wato nauyin abu a ninka da gudunsa. Ta ce in abu biyu sun yi karo wannan ba ya ɓacewa. Abin da ɗaya ya rasa, ɗayan ne ya karɓa.

Na zauna a bakin kwatarniya hannuna a cikin ruwa. Ashe gudun da ya bi ta kan ƙafar Baba ba na motar tsoho ba ne. Tun daga kan gangare aka taho da shi, cikin buhunan gyaɗa da mu kanmu da ke zaune a kansu. A bakin shinge hannu kawai ya sake.

Na tashi na kwantar da turmi, na ajiye busasshiyar gora a gabansa, na mirgino turmin. Gorar ta tafi har gindin rumbu.

"Ke lahiya?" in ji Gwaggo. "Gorar nonon ce za ki hwasa mini?"

"Gwaggo, ranar zaman dattawa ki kai ni tasha."

"Tasha? Ke da ko ƙarar mota kika jiyo sai ki shige ɗaki ki toshe kunne? An ce maganarmu ba ta shiga."

"Ba magana zan yi ba. Ke dai ki kai ni."

Gwaggo daddawa take kaiwa kasuwanni, babu direban da bai taɓa shan bakinta ba. Ta ce, "In kika suma a gaban maza, ni ba ɗiyar ƙanena ba ce ke."

Ranar na kusa suman. Tun daga nesa warin mai ya tarye ni. An shimfiɗa tabarmi a inuwar wata tsamiya kusa da dakalin lodi, inda ake jingina katakai ana gangaro da duro daga mota. Sarkin tasha na tsakiya, dattawa a gefe, 'yan kallo sun yi zobe. Tsohon direba yana zaune shi kaɗai, kansa a ƙasa, yana jan carbi. Mai hular kuwa ya jingina da motarsa, wadda ƙarfen gabanta ya lotsa, yana ba abokansa labari.

Gwaggo ta ratsa maza kamar kasuwa ta shigo. Muka durƙusa.

"Ranka ya daɗe, ga ɗiyar tela."

"Sannu, ɗiyata," in ji sarkin tasha. "Yaya mai jiki? Allah ya ba shi lafiya. Amma kin san an gaya muku..."

"Na sani, ranka ya daɗe." Na ɗan ɗago kai. "Ba shaida na kawo ba. Aron duro biyu nake roƙo, ɗaya wofi, ɗaya cike."

Aka yi dariya. Wani ya ce ko 'yar boko wanki za ta yi mana. Mai hular ya ce, "A ba ta, a ba ta. Tano biyu ne kawai? A ƙara mata da sabulu." Tano, haka mutanen ƙetare ke kiran duro.

Sarkin tasha bai yi dariya ba. Ya yi nuni, aka mirgino duro wofi. Na sa aka kwantar da shi a ƙasa, daidai inda katakan dakali suka ƙare. Na biyun, cike da ruwan da ake zuba wa injin mota, yana can bisa dakali a kwance.

"Ranka ya daɗe, wannan na ƙasa an sa masa waigi?"

"Ba a sa ba."

"To mu jira ya tafi."

Aka zuba wa duro ido. Wata akuya ta zo ta shinshina shi ta wuce. Wani dattijo mai farin gemu ya ce, "Yarinya, wanga ko gobe muka kai nan yana nan."

"Baba, ƙasar bakin shinge ta fi nan gangare?"

Ya yi ɗan tunani. "A'a. Shimfiɗe take kamar faifai."

Mai hular ya taso daga jikin motarsa. "Mi ya haɗa kamyo, babbar mota guda, da tano? Ni dai kowa ya gani, tawa tsaye take. Wadda ta gudu ita ta taka mutum. Abin da ke tsaye ya taɓa taka wani?"

Tun ranar shingen ban kalli idonsa ba sai lokacin. Na ce, "To tunda haka ne, zo ka zauna nan gaban duron wofi. Ka miƙe ƙafa yadda Baba ya miƙe."

"In zauna a ƙasa? Don ke?"

"Au, tsoron duro kake?" in ji Gwaggo da ƙarfi. "Jama'a ku gani! Mai sa mata hitsari, ga shi duro wofi ya hana shi zama!"

Wurin ya ɗauki shewa. Abokansa ma suka shiga, suna kiransa mushe irin na Faransawa, suna cewa zauna mana, mi zai ci ka. Ya dubi sarkin tasha, sarkin tasha ya dubi sama. Ya cire sigarin ya yar, ya tattare wando, ya zauna ɗan nesa kaɗan da duron, ƙafafu a miƙe a kan hanyarsa, yana murmushi.

Ni da Gwaggo muka hau dakali. Da muka dafa duron ruwa sai na ga murmushin ya tafi. Ya gane. Kowa ma ya gane, don surutu ya ɗauke. Amma in ya tashi ya ƙaryata kansa a gaban dattawa, in ya zauna kuma ya san abin da ke tafe. Na bar shi a haka ɗan lokaci. Ba zan ɓoye ba, wannan ɗan lokacin ya yi mini daɗi fiye da duk abincin da na ci tun da aka kai Baba asibiti.

Na tuna hular Baba a kan yashi. Na ce, "Gwaggo, tura."

Duron ya bi katakai yana gurnani. Ƙarar karon ta shiga mini har haƙori, na rufe ido na durƙushe, amma na buɗe da sauri don kada in rasa. Mai ruwan ya sauka daga katako, ya ɗan mirgina, ya nutse cikin yashi ya tsaya. Na wofin ya yi tsalle ya tafi. Mai hular ya yi yunƙurin janye ƙafa, bai samu ba. Bakin duron ya same shi a ƙwauri.

Ya yi ƙara irin wadda yake sa mata yi. Ya riƙe ƙafa yana birgima, hular ta faɗi, ashe sanƙo gare shi. Ya ɗago yana nuna ni da yatsa.

"Kashe ni za ki yi? Kun gani! Kun ga ta turo mini! Sarki, ka gani da idonka, ita ta turo!"

Na sauko daga dakali ina riƙe da Gwaggo. Na je na dafa duron ruwa.

"Ni? Nawa ga shi nan tsaye. Ko kusa da kai bai je ba. Ka nemi mai duron wofi, shi ne bai sa waigi ba."

Ba wanda ya yi dariya da farko. Sai dattijon nan mai farin gemu ya ce, "La'ilaha illallahu," a hankali, ya juya ya kalli lotsattsen gaban motar gyaɗa. Kowa ya bi shi da kallo. Daga nan maganganu suka ɓalle. Wani mai goro ya ce shi dai ya ji ƙarar bugu kafin motar tsoho ta motsa, ba bayan ta motsa ba. Wani ya ce ai bai ji kukan inji ba da motar gyaɗa ke gangarowa. Duk sun sani tun ranar. Ba wanda ya tambaye su ta wannan gefen ne.

Sarkin tasha ya ɗaga hannu. Ya dubi mai hular da ke zaune a ƙasa yana hura ƙwauri.

"Wa ya buge ka, duro ko yarinya?"

Mai hular ya sunkuya kan ƙwaurinsa, sarkin tasha ya ci gaba.

"Da bakinka ka ce ita ce, mu duka mun ji. To mu ma haka muka gani a bakin shinge." Ya juya wajen tsohon. "Malam, tashi ka ɗauki motarka." Sannan ya dube ni, fuska a ɗaure. "Ke kuma, ɗiyata, ban karɓi shaidarki ba, kin ji ko? Kuma kada ki sake yi mini irin wannan a tasha."

"To, ranka ya daɗe."

Aka aika kiran 'yan doka. Sun sa wa mai hular igiyar a ƙugu, ta kasuwa kuma suka bi da shi, yana ɗingishi, kai babu hula. Ban bi su ba. Ina bayan tsamiya ina amai, Gwaggo na riƙe da goshina tana cewa, "Yi a hankali, 'yar nema, ai kin gama." Amma na jiyo guɗar mata daga wajen 'yan daddawa, na kuwa san ta mece ce.

An ɗaure shi, an kuma karɓe takardar tuƙinsa. Da aka dawo da Baba gida, rame, da sanda a hammata, kawunnaina suka ba shi labari a zaure, kowa yana ƙara nasa. Bai yi dariya ba. Ya sa aka kira ni, na durƙusa a gefen tabarmarsa, ina ƙoƙarin kada in kalli inda wandon ya naɗe.

"Uwata," haka yake kirana, don sunan mahaifiyarsa gare ni. "An ce kin jefi mutum da duro."

"Ban jefe shi ba, Baba. Turawa na yi."

"Da kin karya shi fa?"

Na gyara durƙuso.

"Ni na yafe masa tun ina gadon asibiti. Abin da Allah ya rubuta ne. Ke ma ki yafe, kin ji? Ki ce kin yafe in ji."

Ban taɓa yi wa Baba musu ba. Na dubi ƙasa, na ce, "Baba, ka yi haƙuri."

Ya jira. Na ƙi ƙarawa. Can ya yi ajiyar zuciya ya ce in je in kawo masa ruwa.

A hanyar randa na tsaya wajen Gwaggo, wadda ke jin labarin kowa a kasuwa, na tambaye ta ko ƙashin ya tsage. Ta ce a'a, kumburi ne kawai, an ce har ya saɓe, yana takawa lafiya lau a gidan yari.

Dakalin ne bai yi tsawo ba. Akwai wani a bayan tasha wanda ya fi shi, inda ake sauke buhunan gishiri. Na gan shi ranar, tsoro ne ya hana ni cewa a kai duron can.